Ranar da na cire sitiyarin Corolla

Ina shekara ta uku a gareji Oga ya fara bar min aikin sitiyari ni kaɗai. Corolla ce ƙirar 2005, fatar sitiyarinta duk ta ɓare, mai ita ya sayo wani na hannu ya ce a sauya masa.

Tsorona duka yana kan jakar iska, wato airbag ɗin da ke tsakiyar sitiyari, don haka nan na fi taka tsantsan. Na daidaita tayoyin gaba suka miƙe sak, na zare makulli, na cire wayar nagatif ta batir na lanƙwasa ta gefe. Littafin gyaran Toyota ya ce a jira aƙalla daƙiƙa 90, saboda na'urar jakar tana riƙe ragowar wuta ko bayan an cire batir. Ni dai sai da na shanye kofin shayi. Sannan na kwance kusoshi biyu masu kan tauraro, T30, ɗaya dama ɗaya hagu, na ɗago jakar a hankali, na zare wayoyinta. Na ajiye ta can kan tebur, tambarin yana kallon sama. In aka kife ta kuma ta fashe, ƙarfen gindinta ne zai yi tsalle ya sami wanda ke kusa.

Notin tsakiya lamba 19 ne. Na sassauta shi amma ban cire ba, na bar shi a bakin sandar. Sitiyari kan cije, sai ka yi ta jijjiga shi, lokacin da zai saki kuma ba ya sallama. Da ya ɓalle, notin ne ya tare shi, da hancina ya sha. Kafin nan na ja layi da alƙalamin maka daga sandar zuwa sitiyarin.

Har nan ba laifi, har na fara jin kaina.

Bayan sitiyari akwai wani baƙin faifai, cikinsa siririyar waya ce a naɗe, ita ke kai wuta ga hon da jakar iska. Zagaye kusan biyar kawai take iya yi, biyu da rabi kowane gefe. Ban ɗaure shi ba. Na tafi sallar la'asar, ashe wani ƙaramin yaron gareji ya zauna yana juya shi da yatsa. Na dawo na ɗora sabon sitiyari, na ɗaure noti, na mayar da komai. Ina karya kan mota zuwa ƙarshe don in fita gwaji, sai na ji ƙas. Hon ya ɗauke, fitilar jakar iska ta kama ta ƙi mutuwa.

Oga bai yi faɗa ba. Cewa kawai ya yi, "Salatif ɗin da ke aljihunka na ado ne?"

Washegari na tafi kasuwar Kofar Ruwa na sayo wani faifan da kuɗina. Oga ya tsaya a kaina: juya shi hagu a hankali har ka ji ya fara tauri, dawo da shi dama zagaye biyu da rabi, alamominsa su haɗu, sai ka manna salatif. Notin ma bai yarda na ɗaure da ka ba, sifana mai auna ƙarfin ɗauri ya miƙo min, ya sa ta a kan 50. Da na haɗa batir ya ce in tsaya a waje, in zura hannu ta taga in murza makulli. Fitilar ta kama, ta yi 'yan daƙiƙu, ta mutu.