Tarihin Rayuwata, Kashi na 23: Zagayen da Muka Tsara da Auta

A makon jiya na tsaya a inda likita ta ce ƙafata ta warke, abin da ya rage shi ne in riƙa tafiya, kuma tafiya mai hawa da gangara. Auta ne ya ɗauki maganar ya mayar da ita tasa. Shi mayen keke ne, irin mai kaurin taya ɗin nan na hawa tudu, kuma akwai wani filin kekuna a cikin tuddai da ba ya fashin zuwa.

"Kai Auta, inda kuke sheƙa gudu ba ji ba gani za ka kai ni da ƙafa?"

"Umma, akwai hanyar masu tafiya a ƙasa. Ki dai bari mu zauna mu tsara."

Da daddare ya baje taswirar wurin. Na ga waɗansu siraran layuka sun nannaɗe juna kamar zanen yatsa. Ya ce kowane layi yana bin wuraren da tsayinsu ɗaya ne. Inda suka cunkushe tudun a miƙe yake, inda suka ware hawan da sauƙi. Zagayen da ya zaɓa kilomita 8 ne, a dawo inda aka fara. To a nan zagaye yake yaudarar mutane: tunda mafari da ƙarshe wuri ɗaya ne, sai a ɗauka hawa da gangara sun biya juna. Ƙafa ba ta san wannan lissafin ba. Kowane ɗan tudu sai an hau shi, ko da za a sauka a bayansa. Da muka tara hawan gaba ɗaya, ya kai mita 300.

Lokaci kuwa da ƙa'idar Naismith ya auna shi. Wani mai hawan duwatsu ne ɗan Sukotland, William Naismith, ya fitar da ita a 1892: awa ɗaya ga kowane kilomita 5, a ƙara awa ɗaya ga kowane mita 600 na hawa. Namu ya ba da awa biyu da 'yan mintoci. Na ce masa wannan bawan Allah da ƙafar ƙarfafa ya yi awonsa, kuma bai sa hutu a ciki ba. Muka rubuta awa uku.

Hanyoyin da ke taswirar launi-launi ne: kore mai sauƙi, shuɗi matsakaici, baƙi na gwanaye, a wasu ƙasashe kamar Birtaniya har da ja a tsakanin shuɗi da baƙi. Sai dai don mai keke aka yi wannan rabon. Baƙar hanya gangara ce mai tsalle-tsalle da kwanoni, gefe ɗaya take tafiya, kuma galibi an hana mai ƙafa taka ta. Auta ya ce ƙungiyar masu keken tudu ta duniya, IMBA, wadda aka kafa a Amurka a 1988, ta ce a hanyar da aka haɗa, mai keke ne zai ba mai tafiya hanya. Na ce madalla. Amma wanda ya ɓullo daga kwana a guje, dokar ba za ta taka masa birki ba, kuma gaskiyata ba za ta ɗora mini karaya ba.

Inda muka daɗe muna ja shi ne ta wane ɓangare za a fara. Gabashin tudun gajere ne mai tsauri, yammacinsa dogo ne a kwance. Auta ya so mu hau ta yamma don kada in galabaita tun da wuri.

"Umma, numfashinki nake ji."

"Ni kuma gwiwata nake ji. Haki idan na tsaya zai wuce. Gangara mai tsauri da gajiyayyiyar ƙafa, ita ce ke kayar da mutum."

Na san abin da nake faɗa, don a watannin jinya saukowa daga bene ya fi ba ni wuya a kan hawa. Ya yi shiru yana bin taswira da yatsa, can sai ya yi dariya. Ashe masu keke ta yamma suke hawa a hankali, su gangaro ta gabas a kan nasu hanyoyin, waɗanda suka ratsa tamu a wuri biyu. In muka hau ta gabas, idona yana sama, ta inda za su fito. In muka sauko ta yamma, muna fuskantar masu hawa, su kuma ba gudu gare su ba. Zaɓina ya raba mu da keke ta baya kusan duk tafiyar, ban da 'yan kaɗan masu saukowa ta babbar hanya. Saboda su ya hana ni sa abin sauraro a kunne, ni da ba na tafiya sai da shi.

Sauran shirin bai ɗau lokaci ba. Ruwa rabin lita ga kowace awa, takalmi mai kama ƙasa, sanda, taswira a sauke cikin waya saboda sabis yakan ɗauke a kwari. Ya yi alama a wata 'yar hanya da ta yanke zagayen a tsakiya, muka yi alkawari in awa ɗaya da rabi ta cika ba mu kai saman ba, ta nan za mu koma, babu gardama. Yayarsa muka gaya wa lokacin da za ta jira kiranmu.

Saura abu ɗaya da ba ya hannunmu. Irin waɗannan wuraren sukan rufe hanyoyi bayan ruwan sama, don taya da takalmi suna kwaɓe laka su ɓata hanya. Ranar Alhamis hadari ya haɗu, tafiyarmu kuwa Asabar ce. Yadda ta kaya, da abin da ya same mu a mahaɗa ta biyu, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.