Kujera da Labule a Kantin Magani

Na yi shekaru ina tsaye a bayan kanta a wani kantin magani da ke Agege, kuma yawancin aikina bai wuce karɓar kuɗi da miƙa ƙwaya ba. Mutum zai shigo ya ce, "Likita, a haɗa mini na ciwon jiki," a haɗa masa ya fita, ba a san sunansa ba balle abin da ke damunsa. A jami'a an karantar da mu abin da masana harhaɗa magunguna Hepler da Strand suka rubuta a 1990, cewa alhakin mai harhaɗa magunguna ba ya sauka har sai maganin ya amfani wanda ya sha, amma da muka shigo kasuwa sai karatun ya kwanta.

Da muka yanke shawarar fara awon hawan jini da gwajin suga da na zazzaɓin cizon sauro, na zaci na'urori ne babban al'amari, ashe kujera ce da labule. Awon jini ba ya yin daidai sai mutum ya zauna ya huta kamar minti 5, ya jingina bayansa, hannunsa a kan tebur daidai da ƙirji, kuma a wannan ɗan zaman ne ake jin abin da ba a faɗa a bakin kanta. Wani dattijo mai harkar shanu a mayankar Oko-Oba, wanda awonsa ya nuna 170 bisa 100, wato jininsa ya hau, ya rantse mini cewa ba ya fashin maganinsa na hawan jini. Na roƙe shi ya nuna mini duk abin da yake sha, sai ya zaro wata leda daga aljihu, na ga katin diklofenak a ciki.

"Baba, wannan fa tun yaushe?"

"Ai na gwiwa ne, ɗana, ya kusa shekara."

Irin wannan magani yana ɗaga jini, yana rage ƙarfin maganin hawan jini, kuma yana wahalar da ƙoda idan aka daɗe ana sha. Abin da ya fi ba ni kunya shi ne, wani lokaci a hannuna yake saye.

Labulen kuwa mata ne suka fi cin moriyarsa, domin akwai tambayar da Hajiya ba za ta taɓa yi ba alhali maza na tsaye a bayanta suna jiran canji.

Gwajin zazzaɓi ne ya fi jawo mana gardama. Tun 2010 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a gwada kafin a ba da magani, kuma sakamakon yakan fito cikin minti 15 zuwa 20, amma idan layi ɗaya ya bayyana, wato babu cutar, sai mutum ya ce shi ya san jikinsa. Wasu sukan tsallaka titi su saya a wani wuri, mai kanti kuma ya dube ni ya dubi akwatin kuɗi. A ganina gara asarar cinikin, domin zazzaɓin da ba na sauro ba yana can yana cin mai shi yayin da yake shan maganin da bai dace ba.

Na kuma koyi sanin iyakata. Ko da ana kirana likita, awo ɗaya ba ya tabbatar da cuta, kuma canza wa mutum magani aikin wanda ya rubuta masa ne. Saboda haka masu ciwon suga da ke shan gilibenkilamaid, wanda kan sauke suga ƙasa sosai idan ciki babu abinci, nakan tura su wurin likitansu tun a watan Sha'aban, kafin azumi ya kama.

Shi ma dattijon na rubuta masa takarda zuwa asibitin koyarwa na jihar Legas da ke Ikeja, na kuma buɗe masa shafi a littafinmu. Yanzu duk Juma'a bayan an sauko daga masallaci yakan biyo, ya zauna, ya naɗe hannun rigarsa tun kafin in ɗauko na'urar.