Cike Giɓi a Hoton Siti-sikan

Na'urar siti-sikan ba ta ɗaukar hoton cikin jiki kai tsaye. Abin da take yi shi ne auna ragowar hasken eksire da ya ratsa jiki ta kusurwoyi masu yawa, sannan kwamfuta ta harhaɗa hoto daga alƙaluman. Sai dai wuraren da aka auna ba kasafai suke faɗawa daidai kan ɗigogin hoton ba, saboda haka dole a kintaci ƙimar da ke tsakaninsu. Wannan aikin shi ne cike giɓi, kuma a ganina ana raina tasirinsa.

Hanya mafi sauƙi ita ce a kwafi ƙimar ɗigo mafi kusa, wadda take da sauri amma take bar wa gefen ƙashi hawa-hawa. Akwai masu jan miƙaƙƙen layi tsakanin ɗigo biyu, hoton ya yi laushi, amma ƙananan abubuwa su dusashe. Hanyoyin lanƙwasasshen layi sun fi kaifi, kodayake sukan zarce gona da iri inda ƙashi ya haɗu da tsoka, har su nuna inuwar da babu ita a jikin majiyyaci.

Batun ya ƙara nauyi wajajen 1989, lokacin da masanin kimiyya Willi Kalender da abokan aikinsa a Jamus suka gabatar da siti-sikan mai zagayen murɗe. A wannan tsari gado yana tafiya da majiyyaci yayin da bututun hasken eksire yake kewaya shi, wato babu yanka (hoton siririn sashe na jiki) ɗaya da aka auna shi cikakke a wuri guda, sai dai a ƙirƙiro shi daga awon gabansa da na bayansa. Da farko an riƙa haɗa awo biyu masu tazarar digiri 360, wato zagaye guda na bututun, ɗige-ɗigen da ke ɓata hoto suka ragu, amma yankan ya yi kauri fiye da yadda aka saita shi. Da aka koma tazarar digiri 180 sai yankan ya sirance, ɗige-ɗige kuma suka ƙaru.

Ga likitan da ke neman ɗan ƙaramin ƙari a huhu, na fi karkata ga tazarar digiri 180, domin kaurin yanka yana gauraya ƙimar ƙarin da ta iskar da ke kewaye da shi, ya fito a dusashe ko girmansa ya sauya, alhali da wannan girman ne ake yanke shawarar a ɗebi nama a gwada, ko a jira a sake hoto bayan wasu watanni.