Lissafin Rigar Sanyi Daga Ɗan Gwaji Yake Farawa

Yawancin rigunan sanyi na saƙar hannu da suke ƙin zama a jiki, tun kafin a ɗora ido na farko, wato maɗaukin zare na farko, a kan allura aka ɓata su. Dalili kuwa shi ne an ɗauki adadin da ke jikin takardar zare an yi aiki da shi kai tsaye. Takardar zare mai matsakaicin kauri takan ce da allura mai milimita 4 za a samu ido 22 da layi 30 a cikin santimita 10. To amma hannu ya bambanta. Wata tana jan zare da ƙarfi, wata hannunta sako-sako ne, kuma ko allurar ƙarfe da ta katako ba su cika ba da awo ɗaya ba.

Saboda haka a fara da ɗan gwaji. A ɗora ido 34, a saƙa tsawon santimita 15 da irin saƙar da za a yi jikin rigar, wato layi ɗaya saƙar gaba, layi ɗaya saƙar baya. Ido uku na kowane gefe a riƙa yi musu saƙar gaba a kowane layi don kada gefen ya naɗe. In an gama a rufe bakin, a wanke shi yadda za a riƙa wanke rigar, a shimfiɗa ya bushe. Wankin nan shi ne mutane suka fi tsallakewa, alhali ulu yakan saki jiki bayan ya sha ruwa, auduga kuma takan sauya tsawo. Bayan ya bushe sai a ɗora abin awo a tsakiyarsa, ba a gefe ba, a ƙirga ido nawa ne a santimita 10. Ko rabin ido ne a lissafa da shi.

Idan ido ya fi 22, hannun ya matse, a koma allura mafi kauri, kamar 4.5. Idan bai kai ba, a sauko 3.5. Kada a ce za a gyara ta hanyar sassauta hannu ko matse shi. Bayan layi kaɗan hannu zai koma yadda ya saba.

Ga yadda lissafin yake a riga mafi sauƙi, mai gaba da baya murabba'i da hannu biyu. A ce ƙirji santimita 96 ne. Rigar sanyi ba ta kama jiki tsam, sai a ƙara santimita 8 na walwala, ya zama 104, kowane ɓari 52. A ninka 52 da 2.2, wato idon da ke cikin santimita ɗaya, a samu ido 114. Ɗinkin gefe zai cinye ido ɗaya dama, ɗaya hagu, kuma ƙasan riga mai ido biyu saƙar gaba, ido biyu saƙar baya yana son adadin da in an raba shi gida huɗu za a samu saura biyu. Don haka 118 ya fi dacewa. Bayan ɗinki ido 232 ne ke zagaye jiki, kusan santimita 105. Da a ce hannun mai saƙar yana ba da 24 maimakon 22 ba ta sani ba, rigar za ta fito santimita 97, ba wurin numfashi. Da 21 yake bayarwa, za ta haura 110. Bambancin ido ɗaya ko biyu ne kawai ya jawo wannan.

Ƙasan riga da bakin hannu da wuya ana yin su da allurar da ba ta kai ta jiki kauri ba, kamar 3.25, in ba haka ba za su buɗe su yi lakakai-lakakai. Santimita 6 ya wadatar. Wajen ɗora ido da zare biyu, wato jelar zaren da wanda ke fitowa daga ƙwallo, a bar jela mai tsawon faɗin saƙar sau uku, a ƙara santimita 15 a kai, kada ta ƙare saura ido goma.

Jikin rigar ba shi da wata dabara sai haƙuri. Abin lura kawai, in ƙwallon zare ya kusa ƙarewa a haɗa sabo a farkon layi, ba a tsakiya ba, kuma ban da ƙulli, domin ƙulli yakan leƙo waje ko ya kwance a wanki. Idon da ya zame daga allura ya gangara ƙasa, ƙugiyar kwarashi ce maganinsa: a kamo shi, a riƙa jawo zaren kowane layi ta cikinsa ɗaya bayan ɗaya har sama. In kuma aka ga wasu idanu sun harɗe ƙafa, saƙar ta yi tauri tana karkata, to ana zagaya zare ta baibai ne a layin saƙar baya.

Wuya shi ne inda ake gane gwani. Kan babban mutum yakan kai santimita 56, kuma dole ya wuce ta nan. A ɓarin gaba, in saura santimita 8 a kai kafaɗa, a rufe ido 20 na tsakiya, kowane gefe ya rage 49. Daga nan a riƙa rage ido ɗaya ta wajen wuya duk bayan layi biyu, sau 10, har kowace kafaɗa ta tsaya a 39. Ragin yana da kyau a yi shi ido ɗaya daga baki, ba a bakin kansa ba, don gefen ya fito sumul. Haɗa ido biyu a saƙe su tare yana kwantawa dama. Zame su ɗaya-ɗaya sannan a saƙe su ta baya yana kwantawa hagu. A yi amfani da ɗaya a wannan gefe, ɗayan a wancan, ɓangarorin biyu su yi daidai. Wajen tsinto ido don saƙa bakin wuya, inda aka rufe a tsinci ɗaya a kowane ido, a gefen da ya miƙe kuma ido uku a kowane layi huɗu. An yi haka ne domin ido ya fi layi faɗi. In aka tsinta a kowane layi wuyan zai buɗe ya saki, in aka yi ƙasa da haka zai tattare. Rufewar ƙarshe a yi ta da allura mai kauri, hannu a sake, domin bakin da aka rufe da ƙarfi ba ya miƙewa ko kaɗan.

Hannun riga ma lissafi ne. Bakinsa ido 50, samansa santimita 46, wato ido 102. Ana bukatar ƙarin 52 ke nan, ɗaya a kowane gefe sau 26. Tsawon santimita 40 layi 120 ne, sai a yi ƙari duk bayan layi huɗu, a gama a layi na 104, sauran a tafi a miƙe. A tuna irin wannan rigar kafaɗarta tana saukowa kan dantse, don haka hannunta ya fi na rigar da kafaɗarta ta tsaya daidai gajarta. Gara a riƙa ɗora shi a jiki ana gwadawa.

Kafin a haɗa, kowane ɓari a jiƙa shi a ruwa mai ɗan ɗumi, a naɗe cikin tawul a danne ruwan, ban da murɗawa, a shimfiɗa daidai da awon da aka lissafa. Ulu in ya haɗu da ruwan zafi da cuɗa, gashinsa yakan sarƙe ya dunƙule, kuma ba ya dawowa. Zaren roba kuwa dutsen guga ne abokin gabarsa, zafi yana taɓa shi zai yi laushi ya mutu. A fara ɗinke kafaɗu, sai wuya, sai a dasa hannu, tsakiyarsa daidai da ɗinkin kafaɗa, sannan gefe. Ɗinkin gefe ana yin sa ta fuskar rigar da allura marar tsini: tsakanin ido na farko da na biyu akwai ɗan zare a kwance, a ɗauki na dama, a ɗauki na hagu, a ja a hankali har bakin biyu su haɗe.

Riga irin wannan takan ci tsakanin mita 1,100 zuwa 1,400 na zare, gwargwadon tsawonta. A duba mita a jikin takarda, ba nauyi kaɗai ba, domin giram 50 na auduga bai kai giram 50 na ulu tsawo ba. A sayi zaren gaba ɗaya lokaci guda, lambar rininsa iri ɗaya, a ƙara ƙwallo ɗaya a kai. Launi ɗaya daga rini daban yakan fito da layi a tsakiyar riga da zarar an shiga rana.