Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Ma'aunin Koci da Ma'aunin Abokan Wasa

A makon jiya na tsaya ne a daidai lokacin da aka ɗauke ni daga ƙungiyar matasa zuwa babbar ƙungiya, aka kira ni sansanin share fagen kakar wasa. A wannan makon zan ba da labarin yadda aka auna ni a wannan sansani da kuma kakar da ta biyo bayansa, domin a nan ne na fara gane cewa ɗan ƙwallo yana hawa ma'auni fiye da ɗaya, kuma ba dukansu ne ke hannun koci ba.

Awon farko shi ne na ƙarfin jiki, kuma shi ne mafi sauƙin fahimta. An fara mana da gudun minti 12, wanda wani likitan sojan saman Amurka, Kenneth Cooper, ya fito da shi a shekarar 1968: mutum zai yi ta zagaye fili har a busa usur, sannan a lissafa nisan da ya ci. Daga baya aka kawo gwajin Yo-Yo, wanda masanin Denmark, Jens Bangsbo, ya tsara a shekarun 1990, kuma shi ne ya fi kama da ainihin wasa. Ana ajiye alamomi biyu da tazarar mita 20 a tsakaninsu, ka ruga ka dawo kafin ƙarar na'ura ta riga ka, ka huta na daƙiƙa 10, sannan ka sake tashi, kuma mataki bayan mataki ƙarar tana ƙara matsowa kusa. Har yanzu ina iya tuna yadda layin yake raguwa, wannan ya dafa gwiwa ya fita, wancan ya kwanta a kan ciyawa yana haki, mataimakin koci kuma yana tsaye da takarda yana rubuta matakin da kowa ya tsaya. Ina cikin waɗanda suka fi daɗewa a kan layin, amma da aka fara gasa, a benci na tsinci kaina mako bayan mako.

Wata rana bayan atisaye na tsaya har kowa ya watse, na sami koci yana tattara ƙwallaye, na ce, "Koci, ina neman alfarma a gaya mini abin da ya rage mini." Bai yi dogon bayani ba. Ya ciro wani ƙaramin littafi daga aljihun rigarsa, wanda zufa ta sa gefen shafukansa ya nannaɗe, ya buɗe mini. A gaban sunan kowane ɗan wasa akwai 'yan layuka da alamun da ba su da alaƙa da zura ƙwallo a raga. Ya ce, "Yaro, gudunka na gani. Abin da nake rubutawa a nan shi ne abin da mutum yake yi a daƙiƙoƙin farko bayan an ƙwace mana ƙwallo, da kuma inda yake tsayawa idan ƙwallon tana can ɗaya gefen fili." Ya bayyana mini cewa ƙwararren ɗan wasa yakan ci kilomita 10 zuwa 12 a wasa guda, amma idan aka haɗa duk lokacin da ƙwallo take ƙafarsa, bai cika wuce minti 2 ko 3 cikin minti 90 ba, saboda haka shi ragowar mintunan yake kallo, tun da su ne mafi yawan aikin da aka ɗauke mu mu yi. Tun daga ranar na koma lura da yadda manyanmu suke waiwayawa kafin a ba su ƙwallo, da yadda suke toshe hanya tun kafin abokin hamayya ya ɗaga kai.

Ma'aunin abokan wasa kuwa ba a rubuta shi a ko'ina, kuma babu wanda zai zaunar da kai ya karanta maka sakamakonka. Za ka gane matsayinka ne daga wanda ake miƙa wa ƙwallo idan an matse mu a gaban ragarmu, da wanda ake fara zaɓa idan an raba mu gida biyu a atisaye, da kuma wanda mai tsaron gida yake kiran sunansa idan za a yi bugun kusurwa. Akwai wani ɗan wasan gaba a cikinmu wanda 'yan kallo suke matuƙar ƙauna saboda iya yanka, amma masu tsaron baya ba sa sakin jiki idan yana fili, domin duk lokacin da ya zubar da ƙwallo sai ya tsaya yana ɗaga hannu yana yi wa alƙalin wasa ƙorafi, ya bar su da ɗawainiya. Akwai kuma wani ɗan wasan tsakiya mai ƙarancin magana wanda da wuya a ji sunansa a bakin masu sharhi, amma ranar da aka dakatar da shi saboda katin gargaɗi, kowa a ɗakin sauya kaya ya san cewa aikin ranar zai yi nauyi. Kyaftin ɗinmu, wanda ya girme ni sosai, ya taɓa ce mini, "Ƙanena, mu ba ma tambayar wa ya fi iyawa, muna tambaya ne wa zai rufe mini baya idan na fita."

Irin wannan ɗan wasa shi ne gishirin miya, kuma tarihin ƙwallo ya sha nuna haka. A shekarar 2003 Real Madrid ta bar Claude Makélélé ya koma Chelsea, alhali tana cike da taurari, kuma ba ta sake ɗaukar kofin La Liga ba sai a 2007, shi kuwa ya lashe gasar Firimiya a 2005 da 2006. N'Golo Kanté ya ɗauki kofin Firimiya da Leicester a 2016, ya sake ɗauka da Chelsea a 2017, kuma a wannan shekara ce 'yan wasan da ke buga ƙwallo a Ingila da kansu suka zaɓe shi gwarzon shekara na ƙungiyarsu ta PFA, duk da cewa ba mai yawan cin ƙwallo ba ne. Ina girmama wannan kyauta fiye da wasu da dama, saboda waɗanda suka yi karo da mutum a fili ne suke kaɗa ƙuri'ar, kuma su ne suka san wanda ya hana su sakat.

Juriya ce ta fi wuyar aunawa, kuma ban san yadda ake auna ta ba sai da na ji rauni a idon sawu, daidai lokacin da aka fara sa ni a wasa. Na yi tsammanin wanda yake jinya ya fita daga lissafi, ashe a lokacin ne aka fi sa masa ido. Koci yana tambayar mai kula da lafiyarmu ko ina zuwa gashi da motsa ƙafa a kan lokaci, ko ina kammala abin da aka ɗora mini idan babu mai kallo, sannan yana lura da ko ina zuwa kallon wasan 'yan uwana ko kuwa na ɗauke ƙafa. Abokan wasa kuma suna jiran abu guda, wato haɗuwar farko bayan dawowata, su ga ko zan sa ƙafar da ta ji ciwo ko zan janye ta. A watannin nan labarin Nwankwo Kanu ya riƙa ƙarfafa mini gwiwa, mutumin da ya ci zinare a gasar Olamfik ta Atlanta a 1996, likitocin Inter Milan suka gano yana da matsalar zuciya, aka yi masa tiyata a wannan shekarar, ya dawo fili, ya koma Arsenal a 1999, kuma a 1999 ɗin aka sake zaɓensa gwarzon ɗan ƙwallon Afirka.

Sai dai akwai abin da yake damuna har yau game da yadda ake fassara juriya a tsakanin 'yan wasa. Da yawa suna ɗauka cewa jarumi shi ne wanda yake ɓoye ciwo, kuma na ga wani abokina mai hazaƙa ya riƙa ɗaure gwiwarsa da bandeji a ɓoye yana shan maganin kashe zafi don kada a ce ya cika raki, har ƙaramin rauni ya zama wanda ya raba shi da ƙwallo gaba ɗaya. Kocinmu ba ya yabon irin wannan. Bayan kowane atisaye yakan sa kowa ya faɗi yadda ya ji nauyin aikin, daga 1 zuwa 10, a ninka da yawan mintunan da aka yi, domin a san wanda gajiya ta fara taruwa a jikinsa. Yanzu manyan ƙungiyoyi suna da 'yar rigar nan mai na'urar GPS, wadda aka amince a riƙa sawa a wasannin gasa tun 2015, tana ƙirga nisa da sauri da yawan tashi da tsayawa, amma ba ta iya faɗin inda yake yi wa mutum ciwo, dole sai shi ya buɗe baki ya faɗa. A wurin kocinmu, wanda ya faɗi gaskiyar jikinsa da wuri ya fi amfani ga ƙungiya, domin za a rasa shi na ɗan lokaci ne maimakon kaka guda.

Da na warke, an fara sa ni ne a mintunan ƙarshe na wasannin da muke kan gaba da ci ɗaya, lokacin da ake buƙatar wanda zai tare hanya ya kuma riƙe matsayinsa. A ɗaya daga cikinsu ne, ana matsa mana lamba, kyaftin ya ɗago kai, yana da zaɓin ya doka ƙwallon can gaba, amma ya miƙo mini ita a tsakiyar mutum biyu, na juya na fitar da ita gefe. Ranar Juma'ar da ta biyo baya aka liƙa sunayen 'yan wasa 11 da za su fara, na ga nawa a ciki, a matsayin ɗan wasan tsakiya mai taimaka wa masu tsaron baya. A mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, zan kawo labarin wannan wasa da kuma saɓanin da ya taso tsakanina da wanda na karɓi gurbinsa.