Kilomita 60 da minti 6

Yayata tana zaune a wani gari mai nisan kilomita 60 daga birnin da nake aiki, kuma a wata nakan je wurinta sau ɗaya, wani lokaci sau biyu. Na yi shekaru ina bin hanyar nan ban taɓa ɗaukarta tafiya ba. In zan yi doguwar tafiya, tun ana saura kwana biyu motar tana wurin bakanike, a duba birki, a duba baƙin mai, a ɗaure abin da ya kwance. Amma zuwa wurin Yaya, makulli kawai nake ɗauka in ce wa mutanen gida yanzu zan dawo. Ai nan da nan ne.

Ranar da na daina faɗin haka, ina tare da yarana biyu a baya. Mun ci kamar kilomita 40 sai na ji sitiyari yana jan hannuna zuwa dama, motar tana wani irin lilo. Na sauka gefe, na tarar ƙusa ta shiga tayar gaba. Hankalina bai tashi ba, tunda ina da jak da sifana da safaya. Na kwance tayar, na ɗaura safayar, na sauke jak, sai na ga ita ma ta kwanta a ƙasa shame-shame. Ba huji gare ta ba. Shekara biyu ta yi a cikin but ba wanda ya waiwaye ta, iskar ta zurare a hankali, yadda kowace taya take yi ko ana hawanta ko ba a hawa. Awa biyu muka yi a gefen titi, manyan motoci suna wucewa iskarsu tana girgiza motarmu, ƙaramar 'yata tana kuka saboda zafi. Wani bawan Allah mai a-kori-kura ne ya tsaya, yana da famfon ƙafa, ya buga mana iska. Da zai tafi ya ce, "Malam, safaya ma taya ce, a riƙa tunawa da ita." Har yau ina jin maganar nan a kunnena. Raina kama ka ga gayya, in ji masu magana, kuma hanyar da na raina ce ta nuna min.

Yanzu shirin nawa da daddare yake farawa, kuma bai fi minti 10 ba. Tayoyi nake fara bi, duka biyar. Na sayi ɗan ƙaramin geji na ajiye a aljihun mota, domin ido ba ya gane tayar da ta rage iska kaɗan, dukanta da ƙafa ma ba ya gaya maka komai. Ana auna iska ne taya tana sanyi, kafin mota ta yi tafiya, don da zarar ta ɗau zafi gejin zai nuna sama da gaskiya. Adadin da ya kamata yana rubuce a wata 'yar takarda da ke manne a jikin ƙofar direba, in ka buɗe ta. Lambar da ke jikin tayar kanta iyakar abin da za ta iya ɗauka ce, ba ita ake bi ba.

A nan akwai wata magana da nake so in tsaya a kai, saboda na ji ta daga bakin mutane masu hankali da yawa. Sukan ce in ana zafi a rage wa taya iska don kada ta fashe. Abin akasin haka yake. Tayar da ba ta cika ba, gefenta yana lanƙwasa yana miƙewa a kowane juyi, wannan lanƙwasar ce take haifar da zafi a cikin robar, zafin kuma shi yake raba roba da wayar ciki har ta tarwatse ana tsakiyar gudu. A cikin gari, inda ba ka wuce 40 ko 50, mai yiwuwa ka yi wata guda da taya mai ƙarancin iska ba abin da ya faru. A babbar hanya, cikin ɗan lokaci tana iya fashewa.

Ina kuma duba shekarunta. A gefen kowace taya akwai rubutu da ya fara da DOT, lambobi huɗu na ƙarshe su ne mako da shekarar da aka ƙera ta: 2319 na nufin mako na 23 a shekarar 2019. Roba tana tsufa ko da zanenta bai cinye ba. Kamfanin Michelin yana ba da shawarar a riƙa kai taya ana dubawa duk shekara in ta kai shekara 5, in ta kai 10 kuma a canza ta ko da a ido tana da kyau. Zanen ma yana da iyaka, a ƙasashen Turai doka ba ta yarda ya gaza milimita 1.6 ba, domin ta cikinsa ruwa yake bi ya fita daga ƙarƙashin taya in ana ruwan sama.

Sauran ba su da wuya. In zaro sandar baƙin mai, in goge, in mayar, in sake zarowa in ga inda ya tsaya. In leƙa robar ruwan lagireto, injin yana sanyi, don buɗe murfin lagireto da zafi ya ƙona fuskar mutane da yawa. In kunna fitilu, in sa babban ɗana ya tsaya a baya ya gaya min ko jar wutar birki tana kamawa. In wanke gilashi ciki da waje. Mai kuma tun daren nake sha, ba na barinsa sai safiya, kuma nakan zuba na zuwa da dawowa har da rara, don kada in dogara da gidan man da ban san ko a buɗe yake ba.

Amma duk wannan ba shi ne babban abin da na koya ba. Babban abin lissafin lokaci ne. Da can in Yaya ta ce tana jirana ƙarfe 10, sai in ce kilomita 60 ai minti 40 ne, in tashi tara da minti ashirin. Na manta cewa daga ƙofar gidana zuwa inda birni ya ƙare, da cunkoso da shataletale da fitilun kan hanya, minti 25 ne a ranar da aka yi sa'a. Kafin in hau babbar hanya na riga na makara, kuma duk wanda ya makara ƙafarsa ce take biyan bashin a kan totur.

Wata rana na zauna da biro na buga lissafin. Kilomita 60 a gudun 100 minti 36 ne. A gudun 120 minti 30 ne. Minti 6 ke nan tsakani, shi ma in an ce hanya fayau take, ba tirela, ba kwana, ba ƙauyen da za ka rage gudu. Sai na duba abin da ake bayarwa a karɓi minti shidan. Nisan da mota take ci kafin birki ya tsayar da ita ba ya ƙaruwa daidai da gudu, yana ƙaruwa ne da gudun a ninka shi da kansa. Wato daga 100 zuwa 120 gudu ya ƙaru da kashi 20 cikin 100, amma nisan tsayawa ya ƙaru da kashi 44. Ka ɗauka motoci biyu suna jere, ɗaya tana 100 ɗaya tana 120, wani abu ya faɗo musu a gaba, suka taka birki a wuri ɗaya. A daidai inda mai 100 ta tsaya cak, mai 120 tana nan tana gudun kusan 66. Na daɗe ina kallon lambar nan a kan takarda, ina tuna yaran da nake ɗauka a kujerar baya.

Hukumar Lafiya ta Duniya, a rahotonta na 2023, ta ce kusan mutum miliyan 1.19 ne suke mutuwa a haɗarin hanya duk shekara, kuma shi ne kan gaba wajen kashe masu shekara 5 zuwa 29. 'Ya'yanmu da ƙannenmu ke nan. Ba na kawo wannan don in tsorata kowa, ni ma ina tuƙi kullum kuma ina jin daɗinsa. Abin da yake damuna shi ne yadda muke sayar da abu mai tsada a kan minti 6, alhali in ka tashi da wuri da rubu'in awa ka same su a kyauta har da ƙari. Yanzu nakan buɗe Google Maps tun da dare, in sa masa lokacin da nake son tashi ya nuna min kiyasinsa, in ƙara minti 20 a kai. Kuma ba na ce wa Yaya ƙarfe kaza zan iso. Nakan ce, "Yaya, ina nan tafe kafin rana ta take." Ita ma ta daina kira tana tambayar ina nake, domin na gaya mata in ina kan hanya wayar tana cikin aljihun mota. A gudun 100 mota tana cin kusan mita 28 a daƙiƙa ɗaya. Kallon waya na daƙiƙa 2 ya zama mita 55 da ka tuƙa ido a rufe.

Wurin da gaggawa ta fi nuna kanta shi ne wuce babbar mota. Hanyarmu akwai wani yanki da ba a raba ta biyu ba, kuma kusan kullum sai ka tarar da tirela tana jan jiki a 80, motoci biyar ko shida sun yi layi a bayanta, kowa yana leƙo kai. In kana 100 tana 80, ratar da kake ci a kanta bai kai mita 6 a daƙiƙa ba. Kafin ka fito daga bayanta, ka wuce tsawonta, ka ba ta fili ka koma hannunka, kana bukatar kamar mita 60, wato daƙiƙa 11 kana hannun da ba naka ba. A daƙiƙa 11 ka ci mita 300, mai tahowa ma ya ci nasa 300. Don haka in ba ka hango fiye da rabin kilomita a buɗe ba, babu kwana babu tudu, ba ka da hanya. Ni dai nakan ja baya in bar tazara, in zaɓi wata alama a gefen titi, in tirelar ta wuce ta in ƙirga daƙiƙa uku kafin in iso wurin, in ana ruwa in ninka. Jan bayan ma shi yake ba ka damar hango gaba, wanda ya manne mata ba abin da yake gani sai ƙofar bayanta. Sau da yawa wanda ya wuce ni da hon da walƙiyar fitila, a cunkoson shiga gari nake tarar da shi, motoci uku a gabana.

Bel kuma ba na tayar da mota sai na ji ƙarar shigar kowanne, har na baya. Yarana sun yi ƙorafi da farko, suna cewa ai kusa ne, maganar da a bakina suka koya. Bel ɗin nan mai ratsa ƙirji da ƙugu, wani injiniyan kamfanin Volvo mai suna Nils Bohlin ne ya ƙirƙiro shi a 1959, kamfanin kuma ya bar sauran masu ƙera motoci su yi amfani da shi ba tare da ya hana su ba. Na ba su labarin, babban ya ji daɗinsa, yanzu shi ne yake duba na ƙanwarsa.

Akwai abu ɗaya da taswira ba ta gaya maka, sai wanda ya bi hanya. Garin Yaya yana gabas da mu. In na yi sammako rana tana cikin idona tun daga fita har isa, in na yi yamma a dawowa ta sake tarye ni daga yamma, ƙasa-ƙasa, inda marfin kare rana ba ya kai wa. A irin wannan haske gilashi mai ƙura yakan zama fari fat, mai keke ko mai tafiya a ƙasa sai ka zo dab da shi za ka gan shi. Daga nan kuma sai duhun magariba, lokacin da wasu sun kunna fitila wasu ba su kunna ba, ido bai gama sabawa ba. Saboda haka nakan tashi in rana ta ɗaga sosai, in juyo kuma da sauran awa biyu kafin ta faɗi. Tsakar rana ma ina kaffa-kaffa da ita, don a lokacin ne jiki yake yin nauyi, kuma hanyar da ka haddace ta fi saurin kawo gyangyaɗi. In na ji hamma ta yi yawa, ko na kasa tuna kilomita biyun da na wuce, nakan nemi fili nesa da kwalta in tsaya in taka ƙasa.

Dawowar ce ta fi wuya, domin hira da Yaya ba ta ƙarewa. Da farko in na miƙe sai ta ce, "Haba, tun yanzu? Ko zama ba ka yi ba." Sai in ce, "Yaya, ki yi haƙuri, ki bar ni in kama hanya da sauran rana." Ta yi fushi sau ɗaya ko biyu. Zuwan da na yi makon jiya, muna tsakiyar magana ta ɗaga kai ta dubi inuwar katanga, ta ce, "Tashi ka tafi, rana ta juya." Ta rako mu har bakin mota, ta leƙa ta taga ta ja bel ɗin ƙaramar ta ji ya kama, sannan ta ce in kira ta in na shiga gida.