Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Gindin Baho a Abijan

Makon jiya mun tsaya a inda jirgin ƙasa ya taso da mu daga Wagadugu. Masu tambayar abin da ya hana ni zama Yamai, alhali na samu wurin kwana da na tuwo, amsarku tana bakin Baffa, Allah ya jiƙansa. Shi ya ce na ci ƙafar kare, kuma ban taɓa musa masa ba. Ƙarashen maganar ne har yau yake tsaye mini a maƙogwaro: "Wanda ya ci ƙafar kare, a gindin baho zai ƙare." A zaure ya faɗe ta, gaban mutane, ana shan fura.

Na sauka Abijan ƙarshen 1993. Ban cika wata guda ba shugaban ƙasar Kwaddibuwa, Houphouet-Boigny, wanda suke kira Tsoho, ya mutu ran 7 ga Disamba. Gari ya yi tsit, baƙi kowa na raɗa, don an san shi ne ya buɗe wa 'yan ci-rani ƙofa. Ni a lokacin ba wannan ne gabana ba, yunwa ce. Faransancina bai wuce gaisuwa ba. A unguwar Ajame na ji wani dattijo yana yi wa yaronsa faɗa da Hausar Adar, na durƙusa na gaishe shi. Bai tambayi sunana ba, cewa ya yi, "Yaro, ka iya wanke-wanke?" Na ce na yi a Yamai. Ya nuna mini baho da ƙafa.

Garba yake sayarwa. Wanda bai je can ba zai ɗauka mutum nake nufi. Abinci ne, kuma an ce sunan wani cikin mutanenmu masu sayar da shi ne ya bi shi, don 'yan Nijar ne suka riƙe sana'ar. Aceke ne na rogo, mai ɗan tsami, kamar dambu, a ɗora yankin soyayyen kifin tuna, a watsa albasa da attarugu, a murmusa Maggi, sannan a kwarara man da aka soya kifin a kai. Da hannu ake ci. Ɗalibai da leburori da yaran motar haya da suke kira gbaka, kowa nan yake karyawa.

Man nan shi ne jarrabawata. Ana soya kifi a cikinsa har ya koma baƙi, in ya kama farantin roba sai ka ce da shi aka ƙera shi. Baho uku nake jerawa. Na farko ruwan omo, na biyu ɗauraya, na uku kuma ruwa ne da nake matse lemon tsami a ciki don ya kashe ƙarni. Wannan na ukun dabarata ce, ba wanda ya koya mini, kuma Maigida ya yi ta ƙorafin kuɗin lemo har ranar da wani malamin makaranta ya shinshina faranti ya ce saboda wannan yake tsallake rumfa biyu ya zo tamu. Kaskon suya sai da toka da yashi. Kafin azahar fatar hannuna ta yi fari ta yamutse, tsakanin yatsu ya tsage, in omo ya shiga sai na ciji leɓe. Da dare in shafa man kaɗanya in kwanta kan bencin da aka ci abinci.

Hannun nan Baffa ya kalla. A 1996 ne, na koma gida da akwati da turamen atamfa, Yaya ya raka ni neman auren 'yar Baffa, wadda tun muna yara Inna take kira matata. Ashe wani ya riga ni isowa da labari. Baffa ya ce in miƙo hannu, ya juya shi kamar mai duba akuya a kasuwar Jibiya, ya ce, "Wannan ai hannun kuyanga ne." Sai ya kawo maganar ƙafar kare. Yaya ya sunkuyar da kai. Inna ba ta ce komai ba, amma daren nan da ta kawo mini tuwo, na gama na ɗauki kwanon zan wanke, ta fizge shi tana kuka. Kwana huɗu na yi na juya.

Na yi gaba da yawa, bari in koma 1994. Cikin Janairu aka karya darajar sefa, farankin Faransa guda da ake ba da shi sefa 50 ya koma 100. Masu rediyo a labarai suka ji, ni a baho na gani. Da, faranti yakan dawo da sauran aceke, wani har da ɓarin kifi, in tattara a kwano in ajiye wa yaranmu sababbin zuwa. Bayan wata biyu faranti ya riƙa dawowa tas, an suɗe har man, ƙayar ma an tauna. Mai wanke-wanke ya fi kowa sanin aljihun gari. Ina gane ƙarshen wata daga faranti, ina gane wanda ya ci da fushi, da wanda suka haɗa kuɗi su uku suka ci kwano ɗaya.

Kwanon ajiyar nan ne ya fara sa ni jin cewa ni ma ina da abin yi a duniya. Yaro zai sauko daga mota da ƙullin kayansa, daga Tawa ko Madawa ko Illela, idonsa ya faɗa, ba ya jin ko kalma ɗaya. Wurin Maigida ba ya iya tunkara, kunya. Bayan rumfa yake zagayowa, inda nake. In ba shi ya ci, in miƙa masa soso, kafin mako in ji inda ake neman mai wanki in kai shi. Ban ƙidaya su ba. Wasu yau suna da rumfunansu, ɗaya har Makka ya je sau biyu. Ni ban taɓa son rumfa ba, kuma wannan ne mutanen gida suka kasa ganewa. Mai rumfa bashin kifi ke tashinsa da asuba. Ni ranar da gari ya ishe ni, hannuna nake ɗaurayewa in ɗauki jaka, don babu garin da ake ci ba a ɓata kwano, kuma baho ba ya tambayar takarda ko yare. Haka na yi Buwake, na yi Kwatano, na dawo.

Da yaƙi ya tashi a Satumban 2002 aka shiga ƙona unguwannin da baƙi ke zaune, na tsallaka Gana. A Kumasi wata Hajiya mai waakye a Aboabo ta ɗauke ni. Waakye ɗin nan wake da shinkafarmu ne, har sunan namu ne, sai dai suna dafa shi da karan dafi ya yi ja. Tukwanenta manya ne, ƙanzo kamar siminti, sai an jiƙa tun dare. Labarin Kumasi yana da tsawo, zan zo kansa.

Abu ɗaya kawai zan ɗauko daga can, don ba zai jira ba. Wata safiya ina kankare tukunya na ji sallama a bayana da muryar gida. Autan Baffa ne. An damfare shi kuɗin goro, kwana biyu bai ci ba. Na zuba masa, na ƙara masa, ban ce uffan ba. Da ya gama sai ya tsaya yana kallon bahon. Na miƙa masa soso. Wata bakwai ya yi a gefena har ya tara kuɗin mota, kuma cikin abin da ya koma da shi aka saya wa Baffa maganin ciwonsa na ƙarshe. Ranar da zai tafi ya riƙe hannuna a tasha ya ce, "Yaya, don Allah kada Baba ya ji aikin da na yi."

Bai ji ba har ya koma ga Allah.